Ruwan da Ya Shigo ta Tagar Caravan

Lahadi, 9 ga Nuwamba, 1986. Abbey Wood, Landan.

Kwana uku ruwa na ɗiga cikin caravan ɗin, wato ɗakin nan mai taya, da nake kwana a bayan garejin Alhaji Bawa. Yau ya tsaya waje yana kwarara ruwa da buta, ni ina ciki ina lalubar gefen taga. Ashe robar kusurwar sama ce ta tsage. Muka ɓamɓare ta, muka liƙe da gam.

"Shi ke nan, Malam Sani, ka huta," in ji shi.

Da na jawo akwatina daga ƙarƙashin tagar, sharkaf. Wasiƙar ƙarshe da Baba ya aiko mini kafin rasuwarsa tana ciki, tawadar duk ta narke. Na shanya ta gaban hita, ina ta ƙoƙarin tuno abin da ya ce. Layi biyu kawai na tuna.