Littafin da Kika Ƙi Buɗewa

Ke farin watana, ke ruwan farkon damina, sanyin idona, wai tsakaninki da Allah me na yi miki? Me na yi miki da za ki sa yatsa ɗaya ki turo min littafina ta kan gilashin kantar shagonku, kamar abin da aka tsinto a kwata?

Ina rubuta miki wannan a bayan shagon maigidana kafinta, a kan katakon da ban gama gogewa ba, rubutuna sai karkacewa yake. Kar ki ce yunwa ce. Haushi ne. Haushinki nake ji, zumata, irin wanda ban taɓa ji ba tun ranar da na sauka daga mota a garin nan da jakata a ka.

Ki tuna fa, ke kika fara. Ni ina zaman zamana. Farkon bara maigida ya aike ni shagonku in yi masa fotokwafi, na tsaya a bakin ƙofa ina kallon injin yana walƙiya, kika yi dariya kika ce, Sabon-zuwa, shigo mana, ba ya cizo. Wallahi dariyar nan ta sauka a ƙirjina kamar inuwa ta sauka kan mai noma da tsakar rana. Na riƙa dawowa ba aike ba komai. Ran nan kika ciro littafi mai baƙin bango da biro kika miƙo min kyauta. Kika ce mutumin da ya san abin da yake yi, farkon shekara yakan rubuta abubuwan da yake so ya cimma, kullum kuma ya rubuta yadda ya wuni da abin da ke ransa. Kika ce ke ma kina da naki.

Ni da ban daɗe a aji ba aka cire ni! Biro ya fi min zarto nauyi. Amma tunda ke kika ce, na zauna. Na rubuta zan iya haɗa durowa ba sai maigida ya kwance ya sake ba. Zan daina tsallake babban titi da gudu kamar akuyar da aka kora. Zan rubuta wa innata takarda da hannuna, ba sai na roƙi wani ba. Zan iya karatu ba tare da na ɗora yatsa kan layi ba. Wannan na ƙarshen har yanzu bai yiwu ba, sauran kuwa na yi su. Na yi su, kurciyata! Je ki tambayi maigida batun durowa.

Kin san abin da na sha a kan littafin nan? Ɗan kawuna da muke ɗaki ɗaya ya sa min suna Magatakarda. In na ɗauko biro sai ya miƙe ya sara min, sauran 'yan ɗakin su fashe da dariya. A cikin rigar matashi nake ɓoye shi, har wuyana ya saba da taurinsa. Ranar da kurfin sassaƙa katako ya yanke min babban yatsa, da tsumma a hannu na rubuta, jinin yana nan a shafin. Ranar da aka ce innata ba lafiya, ban gaya wa kowa a garin nan ba, sai na gaya miki a ciki.

Eh, ke na gaya wa. Duk shafin da na buɗe, da ke nake magana. To da wa zan yi? A garinmu mahaukaci ne kaɗai ke zama cikin ɗaki yana hira ba kowa. Ni na ɗauka kamar makaranta ne, in shekara ta ƙare in kawo miki ki duba. Shi ya sa jiya na yi wanka, na ari turaren ɗan kawuna, na riƙo shi hannu bibbiyu na ajiye a gabanki. Sai kika ce wai wannan ai sirrina ne, ba a nuna wa kowa. Na ce ko ke? Kika ce ko ni. Kika turo shi.

Haba! Haba tauraruwata! Me ya hana ki faɗa min haka tun farko? Wane irin abu ne wannan na mutanen birni, mutum ya zuba zuciyarsa a takarda ya rufe ya kwanta a kai? Ana shuka don a binne ne kawai? Kin ba ni rijiya na yi shekara ina haƙa, da ruwa ya fito kika ce ba kya jin ƙishi!

Abin da ya fi ƙona min rai kuma shi ne, sai jiya na gane ba ki san komai ba. Kin sha ce min, kai Sabon-zuwa ba ka magana, sai ka zo ka tsaya kamar ƙofa. Ni kuwa in yi murmushi, a raina ina cewa ai na riga na faɗa, yana rubuce, za ta gani. Cewa ina son ki, yana ciki. Cewa in na wuce ta gaban shagonku da katako a kafaɗa nakan rage tafiya don in hango gefen fuskarki, yana ciki. Ranar da malamin makarantar nan mai tabarau ya zo yin fotokwafi, ya jingina da kanta yana ba ki dariya har kika riƙe ciki, sai na je na cika shafi har biro ya huda takarda. Shi yana magana da baki, kina ji. Ni ina magana da biro, ashe cikin rigar matashi kawai take tsayawa. Shekara guda ina zance da matashi!

Da na tambaye ki ko ina cikin naki littafin, ko da a can ƙasan abubuwan da kike so bana, sai kika rufe baki da hannu kina dariya. Dariyar me? Ta eh ce, ko ta tausayi? Ni ban iya karanta dariya ba, da ƙyar nake karanta baƙi.

To ki ji, hasken safiyata. Wannan takardar ba sirri ba ce, taki ce, dole ki karanta. Kuma tunda kin ce littafin nawa ne, ai ina da ikon yin yadda na ga dama da shi. Jibi in mun tashi aiki zan zo shagonku. Zan tsaya a gaban kanta in buɗe shafin farko in fara karantawa da ƙarfi, yatsana a kan layi, ina tuntuɓe ina tashi. Masu jira su jira. Mai tabarau in yana nan ya gyara tsayuwa ya saurara. Ba zan yi shiru ba sai kin dube ni kin faɗa min da bakinki, kina so na ko ba kya so na. In kin ce ba kya so, zan rufe in fita, ba za ki sake ganina a ƙofar ba. Amma ko a hakan ba zan so wata ba, kin ji na rantse. Ina fushi da ke, kuma ni naki ne har ranar da za a rufe min ido.

Ga maigida can yana ƙwala min kira, gam zai bushe a kan katako. Dole in tafi yanzu.