Gaisuwar da Aka Koya wa Ƴaƴanmu a Bikin Jamhuriya

Zuwa ga mai girma Daraktan makarantar koyon kiɗa ta matasa da ke Keita.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ce mahaifiyar Nana Hadiza, ɗalibarka mai busa sarewar ƙarfe, daga Tamaske.

Da farko, barka da aiki. A bikin ranar Jamhuriya da ya wuce na ga ɗiyata zaune kafaɗa da kafaɗa da manyan makaɗan da suka zo daga Yamai, masu goge irin na Turawa da ƙahonin tagulla. Ta busa taken ƙasa ba ta yi tuntuɓe ba. Ni da ba na son hayaniya sai ga ni ina guɗa, har maƙwabciyata ta ja mini mayafi. Yarinyar da nake fama da ita a kan wanke tukunya ta zauna ƙyam tana bin hannun shugaban makaɗa. Wannan horo na yaba da shi.

Sai dai akwai gyara. Da aka gama, shugaban makaɗan ya juyo ya ba da alama, yara da manya suka miƙe suka lanƙwasa daga ƙugu a gaban Perefe, babban wakilin gwamnati a Keita, baya a shimfiɗe, hannuwa wajen gwiwa. Na yi kolej, na san gaisuwar masu wasa ce a wasu ƙasashe. Amma kakan Nana Hadiza na wajen uba, Malam Isufu, wanda muka lallaɓa ya zo da sandarsa, ruku'u ya gani. A take ya tashi. Tun a mota ya yanke cewa jikarsa ba za ta koma inda ake koya mata yi wa mutum abin da ake yi wa Allah ba. Sarewar tana cikin akwatinsa yanzu. Babanta yana ci-rani a Abijan, kuma ko yana gida ba zai ja da tsohonsa ba.

Mai girma Darakta, ina yaranmu suka rasa gaisuwa? Ɗiya mace ta durƙusa, namiji ya rusuna ya dafa ƙirji. Haka muka tashi, haka muke renonsu. Kun yi watanni kuna gyara musu yatsu da numfashi, ba wanda ya tsaya ya tambayi iyaye a kan wannan. Mai koyar da ƴaƴan mutane dole ya san gidajen da suka fito.

Roƙona biyu ne. Daga yau a bar yaran su gai da jama'a irin ta gida. Baƙin Yamai su yi tasu, ba mu hana su ba. Sannan ka tako da kanka Tamaske kafin a koma darasi, ka zauna a tabarmar Malam ka faɗa masa an gyara. Ni suruka ce, maganata a gabansa tana da iyaka. Taka zai ji, don mutum ne mai girmama wanda ya tako. Kada ka turo ɗan aike. Ka zo bayan la'asar, lokacin ya fi sakin fuska, kuma ka gai da shi da kyau, don zai duba.

Allah ya ƙara maka basira, ya raya mana yaran, ya zaunar da Nijar lafiya.

Wassalam.
Salamatu, uwar Nana Hadiza, Tamaske.