Badaru Ya Tahi Awon Mari

Tsamaye, Talata

Yaya Hadiyya, salamu alaikum. Ina gajiya, ina mutanen Isa, ina maigida da yara?

Jiya da sahe na biyo ta maƙerar Malami, sai na iske yayanmu Badaru zaune a ƙasa, ya naɗa igiyar kaba ga idon sawunai yana awo. Mari yake so a ƙera mishi. Ba wanda ya aike shi. Malami ya ce, "Badaru, ko jakina ban yi wa mari ba, kuma ya hi ka harbi." Badaru bai yi dariya ba.

Kin san wata huɗu ke nan da ya fara jin muryoyin nan. Tun da muka amso magani asibiti Sakkwato yana sha, yana barci, muryoyin sun yi nisa. Bai taɓa kowa ba. Likita ta ce ciwo ne, ana zama da shi. Shi ne dai bai yarda ba. Ki yi mishi magana, yana jin taki.

Ƙanenki Zayyanu. Na gaishe ki ƙwarai.

Isa, Alhamis

Zayyanu, wa alaikumus salam, da fatan kuna lafiya.

Na karanta, na yi kuka. Maganar mari kam babu ita. Amma kai yaro ne, ba ka san bakin mutane ba. A kawo shi nan a asirce. Akwai ɗaki bayan rumbu, ba mai ganinsa, ko dangin maigida ba sai sun sani ba. Ya zauna har a manta. Na rubuta masa hakan.

Allah ya rufa mana asiri. Yayarka Hadiyya.

Tsamaye, Asabar

Hadiyya, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na gode da ɗakin. Za ni taho Juma'a mai zuwa. Zayyanu yana ganin na warke don ina barci. Ni na san abin da na zama. Ranar da abin ya yi ƙarfi na kalli ɗiyata Saude ban gane ta ba. Mutum irin wannan bai cancanci shiga sahu ba, bai cancanci sa hannu ƙwarya ɗaya da mutane ba. Na ware ƙoƙona da ludayina. Gara in ɗaure kaina tun ba a ce a ɗaure ni ba.

Ki yafe mini abin kunyar da na jawo wa gidanmu. Badaru.

Tsamaye, Juma'a

Yaya, salamu alaikum, ina kwananku?

Ki zuba dawa a ɗakin nan, Badaru ba shi tahowa.

Jiya anka yi gayya gonar Wakili. Na roƙi Badaru ya zo ya yi sallama da mutane ko da kunya guda ce. Ya noma goma sha ɗaya, ni ina ta bakwai. Da rana ta take anka kawo hura. Ya koma gindin aduwa can nesa da ƙoƙonai.

Ludayi ya zagayo kaina. Na ce ni ban taɓa riga yayana sha ba, kuma ba yau za ni fara ba. Kin san samarin da ke ƙasa da ni ba su sha sai na sha. Mutum tara, ga ƙishi. Na aje ludayi na zauna. Fatihu, ɗaya cikinsu, ya ce, "Badaru, don Allah taho ka kashe mu da ciwonka, ƙanenka zai kashe mu da ƙishi." Badaru ya ce mu sha. Na ce ina jira. Inuwa ta bar mu ta koma gabas, hura ta kwanta, ina jira.

Daga baya ya taso. Ya sha ludayi uku. Na amsa na sha ban ɗauraye ba, na miƙa. Cikin samarin Lawwali kaɗai ya ce ya ƙoshi. Wakili ya ce to ya tashi ya ba masu ƙishi wuri.

Ban ce miki ya warke ba. Maganinai ma za ni amso ranar Litinin. Amma ya yi Asuba cikin sahu, kafaɗarmu haɗe. Ba mu ɓoye shi bayan rumbun kowa.

In kina ganin zancen yaro ne, ki tambaya. Wakili na wurin, da Malami maƙeri, da Fatihu, da Hussaini mai babur wanda zai miƙa miki takardar ga. Saude ma ta gani, ita ta ɗauko hurar.

Ƙanenki Zayyanu. A gaida maigida.