Kwana Tara a Madubi

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, Akawuta wadda ba ta taɓa barin kuskurena ya wuce ba,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka rufe wa ƙofa, kuma ya san shi ya jawo wa kansa. Yaya jikin? Yaya hannun? Da gangan ban ce miki sannu ba. Da can kalmar nan ita kike tarbata da ita in na dawo daga shago, tawada ta yi mini kaca-kaca, in ji gajiyar ta sauka. Tun da ciwon nan ya same ki, duk wanda ya shigo da ita yake shigowa, ya langaɓe kai ya ja ta, har ta koma kamar ta'aziyya. Na ga yadda kike runtse ido in an faɗa, ba zan ƙara miki ba.

Jiya da yamma Yayanki ya zo shago, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Ita ta aiko ni. Ta ce ka sawwaƙe mata, ka rubuta takarda. Ran Asabar zan dawo in karɓa." Na ce, "Yaya, da bakinta ta faɗa?" Ya ce, "Da bakin nan da ka kasa kallo." Ya juya ya tafi. Ban ga laifinsa ba, ko ni ne aka yi wa ƙanwata haka, abin da zan faɗa ya fi wannan. Amma ya bar ni da reza a hannu, ban san na yanke yatsa ba sai da jini ya ɗiga kan robar da nake aiki.

Kin san sana'ata fiye da kowa. Mai sassaƙa hatimi a juye yake aiki: harafin da zai fito dama, hagu nake yanka shi, kuma ba na yarda da idona sai na kara robar a ɗan madubin da ke kan tebur na ga ta karantu. Kin tuna ranar da kika dawo mini da hatimin ofishinku, shekara goma sha ɗaya ke nan? Harafi ɗaya na yanka daidai, shi ya sa ya fito a juye. Kika buga shi a bayan hannuna kika ce, "Malam, ofishinmu ne ya juye ko kai ne?" Kunya ta hana ni ɗago kai, sai na saci kallonki ta madubin. Wayyo ni, ashe ranar aka gama da ni! Na ga idanu kamar ruwan randa da safe, na ga bakin da ke ƙoƙarin ɓoye dariya ya kasa. Tun daga nan abin ya bi jikina. Kina ɗaura ɗankwali, ina tsaye a bayanki, idanunmu su haɗu a madubin durowa, ki ce, "Kallon ɓarawo dai ba ya barinka."

Sai ranar da biro ya suɓuce daga hannunki a wurin aiki, kika sunkuya ki ɗauka, ba ki ƙara tashi da kanki ba. Likita ya ce mini jijiya ce ta toshe a hagun kai, shi ya sa ɓarin dama ya shanye. Ina jinsa ina cewa a raina, ashe ɗan Adam ma a juye aka rubuta shi. Da aka sallame ki na kawo ki gida, na kwantar da ke a gefen gadon da ke duban durowa. Ni na riƙa yi miki wanka, ni na ba ki abinci a baki, ni na share abin da ya zubo ta gefen leɓen da ba ya rufuwa. Mutane suna ta yabona, wai samun miji irina sai an tona. Ba su san kwana tara cur ina yi miki duk wannan idona na kan madubi ba.

Ranar ta tara kika riƙe rigata da hannun hagu. Maganar ta daɗe kafin ta fito, kina jan ta kamar guga daga rijiya mai zurfi. Kika ce, "Ni... ina nan. Ba can ba." Da na juyo a lokacin, da yanzu ba wasiƙa nake rubutawa ba. Amma sai na amsa wa wadda ke cikin madubin, na ce mata, "Na sani." Kashegari na dawo na tarar da gado a gyare, an tafi da ke gidan Yaya.

Zan iya cewa sabo ne, sabo kuwa turken wawa. Zan iya rantsewa cewa haka na saba kallonki tun ranar farko, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma ke akawu ce, rabin gaskiya ba ya wuce teburinki. Ga sauran: tsoro na ji. A hannuna, duk abin da ya karkace jira yake a buga shi ya fito daidai. Shi ya sa na riƙa leƙen fuskarki a madubi kamar aikin da ban gama ba, ina jiran safiyar da za ta karantu yadda na san ta. Madubin bai gyara komai ba, gefen da ya faɗi kawai ya mayar ɗaya ɓarin. Ni kuma na ci gaba da jira a can, na bar ki ke kaɗai a kan gado da fuskar da Allah Ya ba ki yanzu. Wane irin miji ne zai wanke mace ya kasa kallonta? Wace ƙauna ce wannan, mai hannu ba ta da ido?

Rabin raina, gidan nan ya yi mini faɗi. Takalminki na ƙofar ɗaki, na kasa ɗauke shi, na kasa tsallake shi. Aiki ya ƙi hannuna, hatimi uku na lalata a mako ɗaya, ni da ake kawo wa gyaran na wasu. Ba na roƙon ki warke domina. Likita bai yi alkawari ba, ni ma na daina neman a yi mini. In bakin nan bai ƙara miƙewa ba har abada, shi nake so ya zage ni. In hannun nan bai ƙara motsi ba, a nawa nake so ya kwanta. Ashe tsuntsu mai fiffike ɗaya ba ya komawa sheƙarsa?

Ran Asabar kada Yaya ya wahalar da kansa, zai tarar da shago a rufe. Ni zan zo da kaina, da farar takarda da biro a aljihu. Ki sa a ajiye mini kujera a gabanki, kusa, inda ba ni da wajen kai ido sai ke. Ki faɗa mini abin da kika aiko a faɗa, komai daɗewar da zai yi kafin ya fito, ba zan taya ki ƙarasa kalma ba, ba zan sunkuyar da kai ba. In kin kai ƙarshe kina nan a kan bakanki, zan rubuta a kan gwiwata in miƙa miki, domin haƙƙinki ne, kuma na riga na ci amanarki sau ɗaya. Takarda za ta raba aure, amma ba wata mace da za ta shiga ɗakin nan bayanki, Allah ne shaidata. In kuwa kin kalle ni kin kasa ƙarasawa, zan ɗauke ki mu koma gida.

Naki ko kin karɓa ko kin mayar, har ranar da za a mai da ni ƙasa,

Mijinki, har yau ɗin nan.