Darasin Hadiza a Kan Bani Isra'ila

Zuwa ga Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Asabe da yara? Ya ƙafar taka, da sauƙi dai? Mu nan Kebbe lafiya muke, sai dai hankalina ba kwance yake ba.

Maganar ɗiyarka Hadiza ce. A Islamiyyar da take koyarwa can Tambuwal, ta karanta wa 'yan aji biyar tarihin Bani Isra'ila, da Annabi Musa, da Attaura, da yadda Yahudawa ba sa aiki ran Asabar. Wata yarinya ta koma gida ta ce wa ubanta, “Baba, ashe su ma ba sa cin alade, kamar mu.” Kafin la'asar magana ta gama unguwa, wai malama na cusa wa yara Yahudanci. An janye yara fuɗu, jiya kuma an jefi ƙyaurenta. Ran Alhamis iyaye za su zauna da ita.

Yaya, tsoro nika ji. Na sa ta aiko mini littafin. Ka san karatuna na yaƙi da jahilci ne, kwana uku na yi ina bin shafin da yatsa. Ban ga abin da ba mu ji wurin tafsiri ba.

Hadiza ta ce, “Inna, don Allah kar ki zo.” Zan je. In an ba ni dama, da kaina zan tashi in karanta musu shafin.

Ka sa mu a addu'a ranar. Ka gaida Hajiya, amma kada ta ji, ka san hawan jininta.

Ƙanwarka,
Rabi