Waƙar Binne Baffanka Bermudo

Daga ƙauyenmu Balbona, ƙasar Leyon, bayan girbin inabi.

Zuwa ga ɗana Sisnando, a gidan mawaƙan coci na birnin Roma.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan wasiƙa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da malamanka da abokan karatunka. Ubangiji ya tsare maka maƙogwaro daga sanyi da zazzaɓin garin nan da matafiya ke ba mu labari. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ubanka bai daɗe a gaban malami ba aka gano tumaki sun fi bukatarsa, don haka in ka ga harafi ya kwanta, gajiya ya yi. Mahaifiyarka lafiya lau, sai ciwon gwiwa, wanda ta ce aurena ne ya jawo mata. Ƙanwarka Aldonza ta haifi namiji mai hanci irin nawa, Allah ya ba yaron haƙuri. Inabi ya yi kyau bana, cuku kuwa ɓera ya riga mu ɗanɗanawa.

To, ga abin da ya sa na ɓata fatar tunkiya guda da rubutu. Ka tuna kadinal ɗin da Paparoma ya aiko, wanda ya ji muryarka ya tafi da kai ina ta washe baki a bakin hanya? Umarnin da ya bar wa bishop-bishop ya iso ƙauyenmu bara. An ce daga yanzu sujada iri ɗaya za a yi da ta Roma, addu'a ɗaya, waƙa ɗaya. Aka kwashe tsofaffin littattafanmu, aka kawo sababbi tare da wani matashin fada, wato limamin coci, Bafaranshe mai suna Giraldo. Mutumin kirki ne, sai dai sujadarsa gajera ce, kafin in gyara tsayuwa in fara gyangyaɗi an ce a tafi gida. Da farko har murna na yi, na ce wa mutane lallai Paparoma ya san zafin ƙafar talaka. Baffanka Bermudo bai yi dariya ba. Tun ba a haife ka ba yake jan waƙa a cocin nan, rana ɗaya aka ce ya koma baya ya tsaya tare da mu masu motsa baki.

Da bazara ciwo ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, magana sai da ƙyar. Ya kira ni, ya ce abu ɗaya yake so, ranar da za a sa shi a ƙasa a yi masa tsohuwar waƙar binnewa, wadda ya yi wa iyayenmu. Na je wajen Fada Giraldo ina murza hula. Ya ce a cikin coci ba hali, umarni ne mai hatimi, shi ma yaron wani ne. Amma ya ƙara da cewa maƙabarta wajen katanga take, kuma in ana iska kunnensa ba ya ji sosai. Allah ya saka masa.

Saura mai waƙa. Baffanka ya ɓoye littafi ɗaya a ƙarƙashin buhun sha'ir, na ɗauko na buɗe. Ka san zanen da ke saman kalmomin, kamar kaza ta taka tawada. Yana nuna maka murya ta hau ko ta sauka, amma iya ina za ta hau, wannan sai wanda ya ji daga bakin wani. Sai na zauna a gefen gadonsa ina koyo, da gemuna fari. Yana gunguni ina bi, in na kauce ya doke ni da hannun hagu. Ya ce da jakin maƙwabcinmu aka kawo masa da tuni an wuce wurin. Na ce masa Yaya, jakin yana da aiki, ni kaɗai ne banza a unguwar. Farkon waƙar ya zauna, ƙarshenta ma ba laifi. Tsakiyar ce matsala, inda murya ke hawa tana lanƙwasa a kan roƙon a buɗe wa mamaci ƙofar Aljanna. Numfashinsa ba ya kaiwa can yanzu. Yakan fara, ya tsaya, ya juya fuska bango.

Watan jiya tsohuwa Gontroda mai saƙa ta rasu, 'ya'yanta suka ce in gwada a kanta. Na fara lafiya, har na ga mata suna share ido. Da na iso tsakiyar nan na hau, na rasa inda zan sauka, sai ga ni cikin waƙar da muke yi lokacin sausayar tumaki. Kowa ya sunkuyar da kai. Babban ɗanta yana kuka yana dariya, ya ce in bari haka, uwarsa ma tana son waccan. Ni ban ji dariya ba, karo na farko a rayuwata. Da labari ya kai wa Baffanka bai doke ni ba, kuma tun ranar bai sake gunguni ba.

Ɗana, kai kaɗai ya koya wa waƙar nan daga farko har ƙarshe. Da na ambaci sunanka ya ce in ƙyale yaro, wai Roma ta wanke maka baki, ko ka zo da muryarsu za ka yi ta. Ban san ko gaskiya ne ba. Ban kuma ce waƙar Paparoma ba ta kai mutum inda za shi ba, waɗanda suka tsara ta sun fi ni karatu nesa. Amma mutumin nan da tasa ya raka kowa, kuma ba abu ba ne da za ka naɗe a wasiƙa ka aiko. Ka nemi izinin malamanka ka taho kafin ƙanƙara ta rufe hanyar duwatsu.

Sai ka yafe mini abu ɗaya. Shekaranjiya ya ƙi cin abinci, sai bakin nan nawa ya riga hankalina, na ce masa ai kana hanya. Ya sha romo, ya sa aka juya masa gado yana kallon ƙofa. An saba yafe mini zolaya a garin nan, amma wannan in ba ka zo ba, ban san wanda zai yafe ba.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe wuya. Aldonza da mijinta Belasko suna gaisuwa, haka Inna Teresa da Fada Giraldo. Ka gaishe mini da malamanka da ladabi, ka ce musu aro muke nema, za mu mayar. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka same shi da rai.

Ni ne ubanka mai jiran hanya,
Munio ɗan Fruwela.