Inna, An Ce In Kurɓi Ruwan Rantsuwa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Gaisuwa da ladabi a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na san kina hutawa wurinsa, inda takarda ba ta zuwa, amma ke kaɗai zan iya faɗa wa wannan.

Inna, tsoro nake ji. Wani babban mutum a nan Gummi, mai neman kujera tunda soja za su miƙa mulki, ya aiko aka kira ni daga aji. Ya ce in ya ci zaɓe, ni ne mai duba makarantu, ga gidan gwamnati, ga mota. Sharaɗinsa ɗaya: ran Asabar mutanensa za su taru bakin gulbi, boka ya yanka baƙin zakara, kowa ya kurɓi ruwan ƙwarya, ya rantse ba zai juya masa baya ba. Limamin unguwarmu ma ya hana ƙanensa zuwa. Ni kuwa, ɗanki, cewa na yi zan yi shawara.

Ina son motar nan, Inna, kuma son ne ya fi firgita ni. Surukarki Rifkatu na da tsohon ciki, keke kawai gare ni. An raɗa mini cewa wanda ya ƙi, ƙauye za a jefa shi can bayan Bukkuyum, inda damina ke yanke hanya. In naƙuda ta zo da gardama, ina zan kai ta?

Na tuna da nake kwance da ƙyanda, Kawu ya shigo da kaza da tulun giya, ya ce a kai ni gidan tsafi. Kika mayar masa da kayansa. "Abin da munka baro, mun baro shi," kika ce, "ko yaron ga ya tashi, ko bai tashi ba." Na daɗe ina ba yaran ajina labarin nan kamar ba ki ji tsoro ba. Sai yanzu nake tuna yadda hannunki ke rawa a goshina.

Ran Lahadi a coci ina koya wa yara yadda Iblis ya nuna wa Yesu mulkokin duniya, sai na kasa ƙarasawa.

Gobe da safe zan je in ce masa a'a. Ban ma faɗa wa Rifkatu ba tukuna, amma da na dawo yau na tarar ta fara ɗaure tukwanenta cikin buhu.

Ya Uba na Sama, ka riƙe ni a ƙofar gidan mutumin nan, kada bakina ya faɗi wani abu daban. Ka sauki Rifkatu lafiya duk inda aka kai mu. Amin.

Ɗanki mai kewarki,
Ishaya